Kundin Digiri na Farko da Tsohon Adabin Hausa: Tarihin Wani Sharaɗi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta Hausa a wata jami'ar ƙasar nan ya san cewa ba a sallamar ɗalibi da digirin farko sai ya gabatar da kundi a shekararsa ta ƙarshe. Sabo ya sa malamai da ɗalibai sun ɗauki wannan sharaɗi tamkar tare aka halicce shi da jami'a, har ba a cika tambayar inda ya samo asali ba, balle aikin da magabata suka ɗora masa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun sharaɗin ta fuska guda, watau dangantakarsa da tsohon adabin Hausa. Abin da ake nufi da tsohon adabi a nan shi ne waƙoƙi da sauran rubuce-rubucen da aka yi da ajami tun daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon ƙarni na 20, waɗanda matsayinsu a wurinmu ya yi kama da na littattafan Girkanci da Latinanci a wurin Turawa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa kundin digiri na farko ya taɓa zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da adabinmu ya bi ya fito daga gafakar malamai da bakin mawaƙa ya shiga ɗakunan karatu, kuma ya yi wannan aiki ne domin ana sa ran ɗalibi ya iya karanta matani da kansa. Da wannan tsammani ya yi sako-sako, sai kundi ya ci gaba da rayuwa, aikin kuwa ya ja baya.

2.0 Tushen Sharaɗin a Turai da Ibadan

Al'adar sa ɗalibi ya yi bincike ya rubuta, maimakon ya saurari lacca kawai, ta yi ƙarfi ne a jami'o'in Jamus, kuma fannin Girkanci da Latinanci na cikin waɗanda suka share fage. A shekarar 1787 Friedrich August Wolf ya buɗe wani ƙaramin zauren nazari a Jami'ar Halle, inda zaɓaɓɓun ɗalibai suke warware tsofaffin matanoni, su rubuta gajerun takardu, sa'an nan su kare abin da suka rubuta a gaban 'yan'uwansu. Daga wannan gida ne ilmin tace matani ya bunƙasa, har Karl Lachmann (1793-1851) ya shahara da hanyar kwatanta kwafe-kwafen littafi guda, a bi kurakuran da suka yi tarayya a kansu, a gane wane kwafi ne ya fito daga wane, har a kusanci abin da marubuci ya rubuta tun farko.

A Ingila ba haka abin ya tafi ba. Digirin farko a can na jarrabawa ne. Ana ba ɗalibi wani yanki na Girkanci ko Latinanci da bai taɓa gani ba ya fassara, a kuma ba shi Ingilishi ya mayar da shi cikin waɗancan harsuna. Wannan tsari ne ya iso Ibadan a 1948, lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a a ƙarƙashin Jami'ar Landan, wadda ta ci gaba da ba da digirinta har zuwa 1962. Sashen Girkanci da Latinanci na cikin sassan farko, kuma a cikinsa aka yaye Christopher Okigbo da Bola Ige da Emeka Anyaoku. Malaman sashen, musamman John Ferguson da Lloyd Thompson, sun yi ƙoƙarin karkata shi zuwa gida, kamar yadda littafin da suka tsara a 1969 kan Afirka a zamanin Girkawa da Rumawa ya shaida.

Kundin shekarar ƙarshe kamar yadda muka san shi ya fi kama da na Amurka. A shekarun 1920 kwalejoji irin su Swarthmore da Princeton suka shigo da tsarin karatun kai-da-kai ga ɗaliban manyan azuzuwa, har kundi ya zama al'ada. A sassan Girkanci da Latinanci na can, sharuɗɗan da aka saba gani su ne ɗalibi ya kai wani matsayi na maki, ya yi nisa a aƙalla ɗaya daga cikin harsunan biyu, ya gabatar da tsarin bincikensa, ya sami malami mai dubawa, sa'an nan a karanta aikin, a wasu wuraren kuma a zaunar da shi ya kare shi da baki. Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ta fara kawo tsarin kwasa-kwasai irin na Amurka ƙasar nan.

Abin lura a nan shi ne, ko a Jamus, ko a Ingila, ko a Amurka, sharaɗi ɗaya bai sauya ba ga mai neman ƙwarewa a fannin: sai ya iya harshen, ya kuma iya fuskantar matani ba tare da tafinta ba. Sauran duk tsari ne da kan bambanta daga gida zuwa gida.

3.0 Tushen Sharaɗin a Zaure

Zai zama rashin adalci a ce daga Turai kaɗai muka gaji wannan ɗabi'a. Makarantar ilmi ta ƙasar Hausa tana da nata sharuɗɗan, kuma ba su da sauƙi. Almajiri kan fara da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya haura zuwa Risala da Askari da Muhtasar. A ɓangaren harshe ya bi Ajuruma har zuwa Alfiyya, ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin jahiliyya da Maƙamatul Hariri. Ba a ƙirga shekarun da ya yi, littattafan da ya sauke ake ƙirgawa. Kafin yawaitar bugaggun littattafai, sau da yawa da hannunsa yake kwafe abin da zai karanta, ya gwada kwafinsa da na malaminsa, ya gyara abin da ya tsallake a gefen shafi, ya sa alamar inganci. Wannan ai tace matani ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. Idan malami ya gamsu sai ya ba shi ijaza, wadda kan ambaci littafin da salsalar malaman da aka karɓo shi daga gare su. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (ya rasu 1829) ya bar mana misali a littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Mervyn Hiskett ya buga shi da fassara a 1957.

Gadar da ta haɗa zaure da jami'a a Kano aka gina ta. Makarantar Shari'a da aka buɗe a 1934 ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A cikinta aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, a matsayin reshen sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin ta tsaya da ƙafarta ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Da yawa daga cikin ɗaliban farko na wannan kwaleji sun taho da Larabci a hannu, ajami kuwa tun daga makarantar allo suka saba da shi. Saboda haka a lokacin da aka fara ba da digiri a fannin Hausa, sau da yawa a haɗe da Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci, babu wanda ya ga buƙatar rubuta iya karanta ajami a cikin sharuɗɗa. Abu ne da ɗalibi ke zuwa da shi, kamar yadda yake zuwa da sunansa. A ganina, a nan matsalar da za mu tarar daga baya ta kwanta: sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda aka bar wa sabo.

4.0 Shekarun Tattarawa

Shekarun 1960 da 1970 shekaru ne na farautar takardu. John Hunwick ya kafa cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a Ibadan a 1964. A wannan shekara kuma aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa a Zariya a ƙarƙashin H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kuma jagoranci kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Murray Last ya zauna a Sakkwato ya yi aiki da takardun gidan Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. Amma hankalin waɗannan masana ya fi karkata ga Larabci, domin tarihi suke nema. Takardun ajami na Hausa da Fulatanci kan shigo ne a matsayin rakiya.

Waƙoƙin Hausa na da ba su rasa masu kula ba gaba ɗaya. Tun 1896 C.H. Robinson ya buga wasu a Cambridge, da hoton ajaminsu da juyinsu zuwa boko da fassara da sharhi, daidai da yadda ake buga tsofaffin matanoni a Turai. Aikin cike yake da kurakurai, amma tsarinsa abin koyi ne, domin wanda bai yarda da juyin Robinson ba yana iya duba hoton ya yi nasa. Greenberg ya yi magana kan ma'aunin waƙar Hausa a 1949. A 1975 Hiskett ya fitar da tarihinsa na waƙoƙin Musulunci na Hausa, kuma a wannan shekara M.K.M. Galadanci ya buga maƙalarsa kan auren da ke tsakanin karin waƙar Larabci da na Hausa. Sai dai duk waɗannan mutane kaɗan ne, ƙasar kuwa faɗi gare ta.

A nan ne kundin digiri na farko ya yi rana. Bayan kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, da bunƙasar sassan da ke koyar da Hausa a Kano da Zariya, daga baya kuma Sakkwato da Maiduguri waɗanda aka kafa jami'o'insu a 1975, sai aka sami runduna ta masu bincike waɗanda ba a biyan su albashi. Kowane ɗalibi ɗan wani gari ne, yana da kawu limami ko maƙwabci mawaƙi, kuma ƙofar da ba za a buɗe wa baƙo ba shi za a buɗe masa. Ɗalibi kan tafi gida hutu, ya zauna gaban wani malami ko makaɗi, ya kwafo ko ya ɗauko a rikoda, ya komo ya juya zuwa boko. Taken irin waɗannan kundaye sananne ne: Wane da Waƙoƙinsa. Akan fara da tarihin rayuwa, a bi da jigo da salo, a rufe da rataye mai ɗauke da waƙoƙin kansu. Sassan tarihi ma haka suka yi da tarihin garuruwa da masarautu.

Yau idan mutum ya buɗe irin waɗannan kundaye zai ga sharhin ya tsufa, wani lokaci ma yabo ne tsagwaron. Ratayen kuwa bai tsufa ba. Sau da yawa malamin da aka kwafo takardar a hannunsa ya rasu, magada sun raba littattafai, gara ko ruwan sama ya ci sauran, abin da ya rage wa duniya shi ne shafukan da wani ɗalibi ya buga da tafireta ya manna a ƙarshen kundinsa. Duk wanda ya duba manazartar littafin Graham Furniss na 1996 kan adabin Hausa zai ga yawan kundayen ɗaliban Kano da Zariya da ya jingina da su. A bisa irin wannan harsashi aka ɗora manyan ayyuka: kundin digiri na biyu na Bello Sa'id na 1978, Gudummawar Masu Jihadi Kan Adabin Hausa, wanda ya tara waƙoƙin ƙarni na 19 masu yawa wuri guda, da kundin Abdulƙadir Ɗangambo na 1980 kan waƙoƙin wa'azi, da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988.

4.1 Abin da Takardar Ajami ke Nema ga Ɗalibi

Ya kamata a tsaya a nan a fayyace mene ne iya karanta matani, domin akan ɗauka sanin baƙaƙe ne kawai.

Da farko akwai hannun rubutu. Tsofaffin takardunmu sun bi tsarin Magrib da ruwayar Warshu, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Gabas kaɗai zai karanta ƙaf a matsayin fa tun a layin farko. Sa'an nan akwai sautukan da Larabci ba shi da su. Akan rubuta ɗ da ɗa mai hannu, ts da ɗa mai ɗigo uku, c da sa mai ɗigo uku, g kuma da gain. B da ɓ kuwa a takardu da yawa harafi ɗaya ne, sai ma'ana ta raba gardama. Wasalin e ɗigo ne a ƙarƙashin harafi, o da u kuma akasari alama ɗaya gare su. Amma ajami ya fi boko ta fuska guda: yana nuna tsawon wasali, abin da daidaitacciyar ƙa'idar boko ta yi watsi da shi. Ke nan mai juya waƙa daga ajami zuwa boko yana zubar da wani bayani a hanya, ko ya sani ko bai sani ba, shi ya sa hoton takardar ta asali ya zama wajibi a rataye.

Na biyu akwai karin harshe. Kaso mai yawa na waƙoƙin ƙarni na 19 da Hausar yamma aka yi su. Inda Basakkwace zai ce yat tafi, Bakano ya tafi zai ce a wannan muhalli, da gajeren wasali. Gaɓar farko ta Basakkwace nannauya ce, ta Bakano kuwa sassauƙa. Ɗalibin da ya ga yat ya ɗauka kuskure ne ya gyara shi zuwa daidaitacciyar Hausa, ya karya baitin. Abin da zai hana shi wannan ɓarna shi ne sanin aruli. Idan ya gane waƙar a Kamil take, ko Basiɗ, ko Ɗawil, ko Mutaƙarab, ma'aunin da kansa zai nuna masa inda mai kwafi ya tsallake kalma ko ya ƙara, amsa-amo kuma ya nuna masa inda aka sauya ƙarshen ɗango.

Na uku akwai ramzi. Mawaƙan da kan rufe waƙa da wata kalma wadda haruffanta ke ba da shekarar Hijira idan an tara lissafinsu. Amma lissafin abajada iri biyu ne. A na Magrib, wanda malamanmu suka bi, shin 1000 ne, gain 900, sin 300, sad 60. A na Gabas gain ne 1000, shin 300, sin 60, sad 90. Ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira, wanda ya yi daidai da 1786 zuwa 1883, kan ƙunshi shin da ra, watau 1200. Wanda ya yi amfani da lissafin Gabas 500 zai samu, ya mayar da waƙar almajirin Shehu zamanin da ko Yaji bai hau gadon Kano ba.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne gane mai waƙa. Shehu Usmanu (1754-1817) ya fi yin waƙa da Fulatanci, 'ya'yansa Nana Asma'u (1793-1864) da Isa suka mayar da wasu Hausa, wani lokaci kuma a yi wa waƙar tahamisi, a ƙara ɗango uku a kan kowane baiti. Tabban Haƙiƙa misali ce sananniya. Waƙa guda na iya ƙunsar hannu biyu ko uku, jama'a kuwa su ce ta Shehu ce, a wuce wurin. Sai da Jean Boyd da Beverly Mack suka ba da shekaru kafin su fitar da tarin ayyukan Nana Asma'u a 1997. Ba wanda zai nemi ɗalibin digirin farko ya warware irin wannan ƙulli. Abin da za a nema gare shi shi ne ya faɗi inda ya sami takardarsa, da wanda ya kwafe ta, da abin da aka rubuta a ƙarshenta, ya kuma bambanta abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

5.0 Daidaitawa da Abin da ya Biyo Baya

Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ikon tsara mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa. Kundin ƙa'idojin farko ya fito a 1989, aka sabunta shi a 2007, aka sake yi masa garambawul a 2022. Tsarin kwasa-kwasai da zango biyu ya game jami'o'i, kundin ɗalibi ya zama kwas mai lamba da nauyin maki kamar sauran. Wannan ya yi amfani, domin ya tabbatar da kundi a ko'ina. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tsara a 1990 ya ƙara sauƙaƙa rubuta bincike da Hausa, abin da ba ƙaramin ci gaba ba ne idan aka tuna cewa manyan kundayen farko da Ingilishi aka rubuta su.

Sai dai daidaitawar ta zo daidai da lokacin da abubuwa uku suka sauya. Ɗalibai sun ƙaru, kuma mafi yawansu ta hanyar sakandaren boko suka biyo. Za a iya koya musu ajami a zango guda su ci jarrabawa, amma tsakanin wannan da karanta hannun malamin ƙarni na 19 akwai tafiya. Tattalin arziki ya karye bayan 1986, zuwa ƙauye neman takarda ya zama nauyi ga ɗalibi, malamin da ke duba kundaye masu yawa kuma ba shi da sukunin zama ya gwada juyi da asali baiti bayan baiti. Na uku, sabon abin nazari ya samu a bakin ƙofa: ƙagaggun labaran da suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, da finafinan Hausa daga 1990. Ba aibi ba ne a yi nazarin waɗannan, adabi ne na mutane masu rai. Amma littafin da ke kan tebur a kasuwa ya fi takardar da ke cikin gafaka sauƙin samu, ɗalibi kuwa ruwa ne, gangare yake bi.

A hankali siffa ta rinjayi abin da ke ciki. Babi biyar suka zama farilla: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin bincike, nazari, kammalawa. Wannan tsari daga ilmin zamantakewa aka aro shi, kuma ya dace da inda aka aro shi. Ga mai tace matani kuwa riga ce da ba a ɗinka dominsa ba, domin shi matanin ne zuciyar aikinsa, ga shi an tura shi rataye, inda ba a cika ba shi maki ba. Ɗalibin da ya sha wahala ya samo waƙar da ba a taɓa bugawa ba ya juya ta daidai, yana iya tashi da makin da bai kai na wanda ya cika shafi sittin da ma'anar adabi da rabe-rabensa ba. Zuwan intanet da shagunan buga takardu ya ƙara sauƙaƙa kwafar babi na ɗaya da na biyu daga kundin wani. Juyin takardar da ba ta cikin kowane ɗakin karatu kuwa ba inda za a sato shi.

Abin mamaki, a daidai lokacin da ajami ke raguwa a hannun ɗalibanmu, har aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, a waje kasuwarsa ce ke ci. Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara shirinsa na ceto takardun da ke cikin haɗari a 2004, Jami'ar Boston ta kafa taskar ajamin Afirka a intanet a ƙarƙashin Fallou Ngom, a Hambug ma akwai masu aiki kan ajami. Hotunan takardu sun yawaita, kuma kowane ɗalibi yana da kyamara a wayarsa. Masu karantawa ne suka yi ƙaranci.

6.0 Kudancin Zazzau: Keffi da Panda

Tattarawar da aka yi a baya ba ta game ƙasa daidai ba. Wanda ya duba juzu'i na biyu na babban kundin Hunwick na 1995 kan marubutan tsakiyar Sudan zai ga Sakkwato da Gwandu da Kano da Katsina da Barno da Ilori sun cika shafuka. Masarautun kudancin Zazzau ba su sami irin wannan kulawa ba, alhali ba bayan gari suke ba. Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, garin ya bi Zazzau kamar Jama'a da Nasarawa. Babbar hanyar fatake daga Loko a bakin Binuwai zuwa Zariya da Kano ta cikinsa ta ratsa. Gerhard Rohlfs ya sauka a nan a 1867, Paul Staudinger a 1885, Robinson da aka ambata a sama ma ta nan ya bi zuwa Kano a 1894. A nan Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba na 1902, ya tsere Kano, abin da Lugard ya riƙe a cikin hujjojinsa na yaƙar Kano a 1903. Inda fatake suka yi zango malamai sun zauna, inda malamai suka zauna kuwa an yi rubutu.

Ko sunayen wuraren darasi ne ga mai nazarin matani. Keffi daga kafi ne, watau shingen itace da ake kewaye gari da shi. Tsohon ajami ba ya ware p da f, saboda haka Panda da Fanda rubutu ɗaya ne. Ga shi kuma Panda biyu ce a wannan jiha. Akwai tsohuwar Panda ta Igbira a kudu, wajen Toto da Umaisha, wadda Macgregor Laird ya ziyarta a 1833, ta kuma faɗi a hannun mayaƙan Fulani a tsakiyar ƙarni na 19. Akwai kuma Panda ta arewacin Keffi, bayan Gitata, cibiyar mutanen Nyankpa waɗanda Hausawa ke kira Yeskwa. Ɗalibin da ya ci karo da sunan a wata wasiƙa ko waƙar yaƙi, in bai san da wannan ba, sai ya ɗora labarin wani gari a kan wani.

Mu da aiki ya kawo wannan yanki muna ganin wani nau'in ɗalibi da tsarin Kano na shekarun 1970 bai yi tanadi dominsa ba. Ɗalibi ne daga Panda ko Gitata ko Karu, yana jin Hausa kamar jakin Kano, amma harshensa na gida daban ne, kuma mai yiwuwa a kasuwa da coci ya koyi Hausarsa, inda aka daɗe ana karanta Littafi Mai Tsarki da aka fassara a 1932. Bai yi makarantar allo ba. Jihar da aka ƙirƙira a 1996, wadda jami'arta ta Keffi ta fara aiki a 2002, ta tarayya kuma a Lafiya a 2011, cike take da irinsa. Idan aka bar iya ajami ga abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida, an rufe masa ƙofar tsohon adabi ke nan tun bai ƙwanƙwasa ba. Idan kuwa aka rubuta shi cikin tsari, aka koyar da shi daga shekarar farko zuwa ta uku da takardu na haƙiƙa, to ba abin da zai hana shi, domin Hiskett da Robinson ma ba su yi allo ba. Haka Okigbo da Anyaoku ba su gaji Latinanci a gida ba, sharaɗi ne ya sa suka koya.

Kuma yana da tasa ƙofar da Bakano ba shi da ita. Tsofaffin littattafan waƙoƙin coci na Hausa, da wasiƙun sarakunan gargajiya, da takardun kotunan ƙasa, da rahotannin Lardin Nasarawa da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, duk matanoni ne masu neman a gwada kwafi da kwafi, a tantance shekara da marubuci. Abin da sashe zai yi bai taka kara ya karya ba: ya amince da tace matani a matsayin cikakken nau'in kundi, mai tsarinsa dabam da babi biyar, ya wajabta hoton asali kusa da juyi, ya ware kaso mai tsoka na maki ga ingancin juyin, a wurin kare kundi kuma a miƙa wa ɗalibi shafi ɗaya daga cikin takardar da ya ce ya yi aiki a kanta, a ce ya karanta a fili.